Dokin Tagulla: Tambayoyin Da 'Yan Uwa Suke Yawan Yi Mini

Assalamu alaikum ya jama'a. Ni ɗan gidan maƙera ne, a Mai Wurno aka haife ni, na yi shekaru a kasuwar Umdurman wajen masu kayan nahas kafin yaƙin nan na Sudan ya maido mu Gadarif. Tunda mutane suka san ina son maganar mutum-mutumin doki na tagulla, kullum sai an tambaye ni, wasu masu sana'ar hurda ne, wato saye da sayar da tsofaffin ƙarafa, da abin yake faɗowa hannunsu, wasu kuma 'yan uwanmu ne da suka tafi Masar suka ga manya-manyansu a tsakiyar titi. Shi ne na ce bari in tattara tambayoyin waje ɗaya.

Wai mecece tagulla, ita ce nahas ɗin da muka sani?

Kusan haka ne amma ba daidai ba. Abin da Larabawan nan suke ce ma nahas ahmar shi ne jan ƙarfe zalla. In aka narka shi aka sa masa kuza, kamar kashi 10 zuwa 12 cikin 100, shi ne ya zama tagulla ta asali. In kuma tutiya aka sa masa sai ya yi rawaya, shi ne nahas asfar na tire da buta da turmin buna, wato na daka kofi. Mu a baki duk tagulla muke ce musu, ba laifi, amma wajen saye da sayarwa bambancin yana da amfani, duba tambayar yadda ake gane na gaske a ƙasa.

Dalilin haɗin kuwa, jan ƙarfe shi kaɗai taushi gare shi kuma ba ya son zubi, sai ya kai digiri 1085 yake narkewa kuma yana yin kumfa a ciki. Da an sa kuza sai ya narke da wuri, ya yi gudu kamar ruwa ya shiga kowane lungu, in ya huce kuma ya fi ƙarfi.

Me ya sa doki ya fi kowace dabba yawa a wannan aiki?

Bahaushe bai kamata ya sha wahalar wannan tambayar ba. Ka tuna hawan sallah, sarki a ƙasa mutum ne kamar kowa, da ya hau ingarma an sa masa jalala da linzami sai ka ga kwarjini ya ninka. To sarakunan Rum da Sin da Turai abin da suka gani kenan, suna so a tuna da su a kan doki, ba a zaune ba.

Sai kuma ɓangaren mai aikin kansa. Doki jarrabawa ce. Jiki mai nauyi a kan ƙafafu huɗu sirara, jijiya a fili, hanci a buɗe, kunne yana magana. Dutse ba ya iya ɗaukar wannan, in ka sassaƙa doki da marmara dole ka sa masa wani ginshiƙi a ƙarƙashin ciki in ba haka ba ƙafafun su karye. Tagulla kuwa tana barin doki ya tsaya da ƙafafunsa, iska tana wucewa ta ƙarƙashinsa.

Yaya ake zuba shi?

Da kakin zuma, kuma hanyar nan ta fi shekara dubu biyar ana yinta. Kawuna Allah ya jiƙansa bai taɓa zuba doki ba, likkafa da munduwa da 'yan ƙararrawa yake yi, amma hanyar ɗaya ce, kuma ni nake ja masa zugazugi don haka na gani da idona. Da farko a gina siffar da yumɓu a barta ta bushe. Sai a lulluɓe ta da kaki, a kan kakin nan ne ake yin duk wani ado, geza da ido da jijiyar ƙafa, da ɗan tsinke ko bakin wuƙa mai ɗumi. Sai a liƙa wasu siraran sandunan kaki, su ne za su zama hanyar da ƙarfe zai shiga da wadda iska za ta fita. Daga nan a shafe komai da yumɓu mai laushi kamar kunu, a bari ya sha iska, a ƙara wani mai kauri wanda aka kwaɓa da kashin jaki don kada ya tsage a wuta. A caka 'yan ƙusoshi su riƙe yumɓun ciki kada ya motsa.

In ya bushe sarai sai a gasa shi a kife. Kakin ya narke ya tsiyaye, ina tuna ƙanshin, duk maƙerar sai ta ɗauka. Wurin da kakin ya bari shi narkakkiyar tagulla za ta cike. A nan kawu ba ya yarda kowa ya yi magana, zubin dole ya tafi a numfashi ɗaya, in hannu ya tsaya ko na ƙiftawar ido ne ƙarfen gaba zai fara daskarewa, aikin wata guda ya lalace. In ya huce a fasa yumɓun da guduma. Kaga ke nan abin zubin ya tafi, ba a sake amfani da shi, shi ya sa na gargajiya kowanne shi kaɗai ne a duniya, ba shi da tagwai.

Manyan na tsakiyar titi ba a zuba su gaba ɗaya. Kai daban, wutsiya daban, ƙafafu da gangar jiki gunduwa-gunduwa, mahayi daban, sannan a haɗa a goge wurin haɗin.

Cikinsa a cike yake? To yaya siraran ƙafafun suke ɗaukar nauyin?

Holoƙo ne, yawanci kaurin bangon bai kai ɗan yatsa ba. Da a cike yake da kuɗin ƙarfen kaɗai ya isa ya talauta sarki, kuma zai tsage wajen hucewa. A cikin ƙafafun ana sa sandunan baƙin ƙarfe da suke nutsewa cikin dutsen da yake tsaye a kai.

Duk da haka kowane gwani da dabararsa, kuma wallahi nan ne abin yake burge ni. Donatello da ya gama dokin wani shugaban mayaƙa mai suna Gattamelata a garin Paduwa na Italiya a 1453, ƙafar gaban da ya ɗaga sai ya sa mata ƙwallo a ƙarƙashin kofato don ta samu madogara. Na sarki Filib na huɗu a Madrid, wanda Piyetro Takka ya gama wajen 1640, dokin a miƙe yake kan ƙafafun baya, kuma ana cewa Galileyo ne ya ba da shawarar a cika bayan da ƙarfe a bar gaban holoƙo sakayau, nauyin duk ya koma baya. Na sarki Bitrus na Rasha a birnin San Fitasbag, 1782, akwai maciji da dokin yake takawa, mutane suna ɗauka ado ne kawai alhali wutsiyar dokin a jikin macijin take manne, shi ne ƙafa ta uku.

Amma wanda ya fi kama min zuciya ɗan ƙarami ne, tsayinsa santimita 34 da rabi. An tono shi a 1969 daga wani kabari a Wuwei, lardin Gansu na ƙasar Sin, aikin kusan shekara 1800 da suka wuce. Yana cikin gudu, ƙafa uku a sama, kofato ɗaya tal ya ɗora a bayan wani tsuntsu mai tashi, tsuntsun ya waigo kamar ya firgita. Duk nauyin a wannan kofaton yake kuma ba ya faɗuwa.

Gaskiya ne wai ƙafar da dokin ya ɗaga tana nuna yadda mahayin ya mutu?

A'a, labari ne kawai da yake yawo a WhatsApp, wai ƙafa biyu a sama an kashe shi a yaƙi, ɗaya an ji masa rauni, huɗu a ƙasa ya mutu a gida. Sarki Bitrus ɗin da na ambata a sama dokinsa ƙafa biyu a sama, ciwo ne ya kashe shi a kan gadonsa a 1725. Andiru Jakson na Amurka ma haka dokinsa yake a Washinton, shi ma a gidansa ya mutu a 1845. Mai aiki yana zaɓar tsayuwar da ta yi masa kyau ne da wadda ƙarfen zai iya ɗauka.

In an daɗe haka ana yinsu, ina tsofaffin suka tafi?

Wuta ta cinye su. Wannan ita ce amsar da nake so kowane mai hurda ya karanta. Tagulla ba ta saurin ruɓewa, babban abokin gabanta shi ne mutum mai buƙatar ƙarfe. Birnin Rum a da cike yake da sarakuna a kan dawakin tagulla, cikakke guda ɗaya ne ya kawo yau, na Markus Oriliyas, aikin wajen shekara ta 175, tsayinsa ya haura mita 4. Shi ma kuskure ne ya cece shi, mutanen baya sun ɗauka Kustantin ne, sarkin da ya karɓi Kiristanci, shi ya sa ba su narka shi ba. In ka ga hotonsa ka lura ba shi da likkafa, ƙafafunsa reto suke, don a lokacin Rumawa ba su santa ba.

Liyonado da Binci ya yi shekaru yana shirin zuba doki mai tsayin mita 7 ga mai mulkin Milan, ya gina na yumɓu a 1493 har an tara tagulla kusan tan 70. Da yaƙi ya taso a 1494 sai aka kwashe ƙarfen aka yi igwa da shi, sojojin Faransa da suka shigo a 1499 kuma suka mai da na yumɓun abin gwajin harbi. Sai a 1999, bayan shekara 500, aka zuba wani bisa zanensa aka kafa a Milan. A Faris ma lokacin juyin juya hali, 1792, an tumɓuke na sarakunansu an narke.

Waɗanda suka tsira kuma sata ce ta yi ta yawo da su. Dawaki huɗu na cocin San Marko a Benis daga Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, aka kwaso su ganima a 1204. Napoliyon ya kwashe su zuwa Faris a 1797, aka maido su a 1815. Abin wuyan da ke jikinsu an sa ne don a rufe inda aka yanke kawunan lokacin ɗauko su.

Mu nan Sudan an taɓa samun irin wannan?

An yi. Dattawan da suka san Hartum ta zamanin Ingilishi suna tuna guda biyu, Janar Godon na Ingila a kan raƙumi, da Kicina a kan doki, wato wanda ya jagoranci yaƙin Karari a 1898 inda aka karkashe dubban Ansar, mabiya Mahadi. Bayan samun 'yanci a 1956 ba su daɗe ba, ƙarshen 1958 aka sauke su aka mayar Ingila, na Kicina yana garin Catam yanzu. Ni dai ban ga laifin sauke shi ba ko kaɗan, ba a tilasta wa mutane kallon wanda ya kashe kakanninsu kullum safiya. Amma ka lura ba a narke su ba, an naɗe an miƙa wa masu shi.

Son doki kuwa a ƙasar nan ya girmi duk wannan. Sarki Fiye na Kush, wanda ya ci Masar fiye da shekara 700 kafin Annabi Isa, ya sa an rubuta a dutsen da aka samu a Jabal Barkal cewa da ya shiga bargar wani sarki da ya ci da yaƙi ya tarar an bar dawaki da yunwa, abin ya fi ɓata masa rai fiye da duk sauran laifin mutumin. A maƙabartar Kurru kusa da Karima an tarar da dawakin sarakunan an binne su a tsaye da adonsu.

A wajenmu can yamma fa, baƙar fata sun yi?

Ƙwarai kuwa, kuma tun kafin Bature ya iso. A Igbo-Ukwu a kudancin Najeriya an tono kayan tagulla na wajen ƙarni na 9, a ciki har da wata ƙota mai siffar mutum a kan doki, da zane a fuskarsa. Birnin Benin yana da nasa mahayan, waɗanda sojojin Ingila suka kwashe tare da dubban kaya a 1897, duk da yawancin kayan Benin nahas asfar ne in an bi diddigi, duba tambayar farko.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Kotoko a bakin tafkin Chadi, kan hanyar da kakanninmu suka biyo da ƙafa za su Makka. Su 'yan mitsi-mitsi suke zubawa, doki da mahayi wani bai fi babban yatsa ba, ana rataya shi a jiki ko a ɗinke a fata kamar laya saboda ciwon taɓin hankali. Irin waɗannan su suka fi faɗowa hannun mutanenmu, ta Janaina da Nyala suke shigowa, sai dai yawancin na kasuwa sababbi ne da aka yi don 'yan yawon buɗe ido.

To addini fa? Na ga a Masar suna da su a titi.

Suna da su. Muhammad Ali Basha yana kan dokinsa a dandalin Manshiyya a Iskandariyya, ɗansa Ibrahim Basha yana dandalin Opera a Alƙahira, duka aikin Faransawa ne na wajen 1872. Dimashƙa ma tana da na Salahuddin gaban ganuwa tun 1993. Amma kasancewar abu a ƙasar musulmi ba shi ne hukunci ba. Mafi yawan malamai sun haramta ƙera cikakkiyar siffar abu mai rai mai inuwa da kuma kafa ta a gida don ado, hadisan a kan haka sanannu ne, har da wanda Mala'ika Jibrilu ya ce a cire kan siffar. An yi rangwame a kayan wasan yara saboda hadisin Nana A'isha, wadda cikin 'yan tsananta akwai doki mai fukafukai biyu, Manzon Allah tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi ya gani ya yi dariya. Shi ya sa gidanmu ba mu zuba doki, kamar yadda na faɗa a tambayar zubi.

Abin da nake roƙo shi ne a raba magana biyu. Ajiye shi a falo daban, adana tsohon abu a gidan tarihi don a san yadda magabata suka yi aiki daban. Na farkon ka tambayi malaminka ka bi abin da ya ce maka. Na biyun kuwa ba ya buƙatar ka ajiye komai a ɗakinka, duba tambaya ta ƙarshe.

Yaya zan gane na gaske da na bogi?

Fara da maganaɗisu, in ya kama to baƙin ƙarfe ne aka yi wa fenti. Ɗaga shi, tagulla tana da nauyi da sanyi a hannu, na roba da aka shafa wa garin ƙarfe sakayau yake kuma in ka ƙwanƙwasa ba ya amo. Juya ƙarƙashinsa inda ba a gani ka ɗan karta da allura kaɗan, in ya nuna ja-ja mai ruwan zinariya tagulla ce, rawaya fes nahas asfar ne, in fari-fari kamar azurfa to tutiya ce aka rina, ita ce mai arha kuma karyewa take. Suna a gindi ba hujja ba ne. Akwai wani Bafaranshe Mene da ya rasu a 1879, ya shahara da ƙananan dawakin Larabawa, har gobe ana kwafar aikinsa da sunan da komai ana cika shaguna.

Sai kuma idonka na wanda ya san doki, wannan ba a saye. Dubi gwiwa da dunduniya, ko an san inda ƙashi yake ko an yi su kamar bututu. Dubi kai, dokin Larabawa fuskarsa a lotse take kuma yana ɗaga wutsiya, namu na Dungula doron hancinsa a gantsare yake ga dogayen ƙafafu. Mai aikin da ya zauna a barga yana kallo za ka gane nan take, wanda ya kwafa daga kwafi kuwa gezar sai ta dunƙule kamar tuwo.

Nawa ya yi kore, in wanke da tsamiya da toka?

Don Allah kar ka yi. Ba tire ba ne. Wannan launin kore ko ƙasa-ƙasa mai santsi shi ne rigar da take kare ƙarfen, shi ne kuma shaidar shekarunsa, ranar da ka goge shi da tsamiya ko lemun tsami ka zubar da darajarsa kuma ba ya dawowa. Ka kaɗe ƙura da burushi mai laushi ko busasshen tsumma, shi kenan.

Koren da ake tsoro daban ne, mai haske mai gari-gari da yake fitowa tabo-tabo, in ka share ya dawo. Gishiri da laima ke kawo shi kuma yana cin ƙarfen har ya huda, mutanen Bur Sudan su suka fi fama da shi saboda iskar teku. Irin wannan a raba shi da sauran kaya a sa shi waje busasshe, kada ruwa ya taɓa shi.

Ya faɗo hannuna cikin hurda, ko an kawo min tallarsa, me zan yi?

Wata rana a Umdurman wani yaro ya zazzage buhu a kan sikelin maƙwabcina, cikin tsofaffin famfo da wayoyi sai ga ɗan doki kamar tafin hannu, ƙafar baya ɗaya ta karye, kore shar. Na ɗauka na juya shi, a jikin gezar ana ganin layin tsinken wanda ya zana kakin ɗaya bayan ɗaya, har da wurin da hannunsa ya ɗan kauce ya gyara. Na ce a ajiye min zan dawo bayan la'asar da kuɗi. Kafin in dawo motar masu narkewa ta zo ta kwashe komai, an sayar da shi a kuɗin rabin kilo. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Don haka abu na farko ka ware shi, kada ya hau sikeli. Ka ɗauke shi hoto ta kowane gefe har ƙarƙashi, ka rubuta ranar da wurin da aka ce an samo shi. Kada ka goge, dalilin yana tambayar da ta gabata. In ya nuna alamar tsufa sosai ko ka ga wata lamba da aka rubuta a jikinsa da tawada ko fenti, to ka yi hattara matuƙa, lambar gidan tarihi ce galibi, kuma kowa ya san an wawashe gidan tarihi na ƙasa da ke Hartum a yaƙin nan da ya faro a Afrilun 2023. Dokar kayan tarihi ta 1999 ta ɗauki abin da ya kai shekara 100 a matsayin kayan tarihi, sayar da shi ko fitar da shi waje ba da izini ba laifi ne. Kada ka saya daga wanda ya kasa faɗa maka inda ya samo. Ka naɗe shi a tsumman auduga busasshe, ba leda ba don leda tana tara gumi, sannan ka kai hotunan ofishin hukumar kayan tarihi na jiharku.